Kukan Namiji A Cikin Waƙa: Rauni Ne Ko Gaskiya?

Mai karatu, in ka na son ka tada gardamar da ba za ta mutu ba har a kira isha'i, to ka nemi wata majalisa a birnin Sakkwato inda dattawa da samari ke zama tabarma ɗaya, ko a Kanwuri ko a Mabera, ka kunna masu waƙar soyayya irin ta yaran yanzu, wadda namiji ke rera cewa an guje shi, barci ya ƙaurace masa, hawaye sun hana shi gani. Kafin a kai baiti na biyu za ka ji wani dattijo ya ja tsaki ya ce, "Mi as sa namiji da gemu nai shi tsaya shina kuka don ɗiya mace? Wagga ba waƙa ta ba, lalaci na!" Su kuwa samarin amsar su ba ta wuce, "Baba, ai zamani ne." To amma wannan ba amsa ba ce, zamewa ce kurum. Tambayar dattijon ta na da nauyi, kuma ta cancanci a zauna a auna ta: namijin da ya fito bainar jama'a ya ce so ya kayar da shi, mutuncin sa ya zubar, ko kuwa gaskiyar da sauran maza ke ɓoyewa ce ya faɗa?

Dattijon nan fa ya na da madafa. Ƙasar Sakkwato, wato tsohuwar jihar kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, rumbu ce ta manyan makaɗan Hausa. Dubi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Dubi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda har doki ya yi wa waƙar da ba ta tsufa, wato 'Dokin Iska Ɗanhilinge'. Dubi Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Ɗan Anace wanda ya mayar da sunan Shago abin tsoro a fagen dambe. Waɗannan bayin Allah sun yi wa sarauta waƙa, sun yi wa ƙarfi da noma da kyauta, sun zuga maza su yi mazantaka. Ba da kukan rabuwa da budurwa su ka yi suna ba. A wancan zamanin zancen so a waƙa ya fi yawa a bakin mata: 'yan mata a dandali wajen gaɗa, matan aure a bakin turmi ko dutsen niƙa, shi ma a sakaye, da habaici da laƙabi. Al'ummar da mace ba ta kiran sunan mijin ta, uba ba ya kiran sunan ɗan farin sa, ba za ta saba da jin ƙato ya na shelar abin da ke ran sa ba. In ka ji namiji ya na irin wannan waƙa, to galibi mai gurmi ne ko mai kukuma, kamar Haruna Uji na Haɗeja da waƙar sa ta 'Jummai', kuma ba a jera irin su sahu ɗaya da makaɗan fada.

Sannu a hankali abin ya juya. Finafinan Indiya su ka shigo gidajen silima na Arewa, kunnuwan mu su ka saba da muryar Muhammad Rafi da Mukesh su na kuka a madadin jarumin fim. A 1980 aka buga 'So Aljannar Duniya' na Hafsat Abdulwaheed, daga baya littattafan soyayya su ka cika kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a Kano. Kafin shekarun 1990 su ƙare fiyano ƙirar Yamaha ta zauna daram a situdiyo irin na Iyan-Tama, kuma waƙar fim ɗin 'Sangaya' ta nuna wa kowa cewa waƙar soyayya ita ce ke sayar da kaset. Daga nan ba a waiwaya ba. Muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha su ka share hanya, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef su ka zo su ka riƙa fitar da kundin waƙoƙi sukutum na soyayya ba tare da an jingina su da wani fim ba. Zamanin kaset ya wuce, waya ta gaje shi, amma har yau da wuya ka ga yaron da ya shiga situdiyo karon farko bai fara da waƙar so ba.

Sai dai ba kan mu farau ba. Bari in kai ka Amurka, domin a can ma an taɓa yin wannan gardamar, kuma wani faifai guda ya na daga cikin abin da ya sauya ta. A tsakiyar shekarun 1950 wani sabon kiɗa ya ɓulla a can wanda su ke kira rok-an-rol: kiɗa ne na jita da ganga, mai sauri, mai hayaniya, na samari masu ji da kan su. Gwarzon sa shi ne Elvis Presley, wanda girgiza ƙugun sa ta tada hankalin iyaye, har ta kai a Janairun 1957 wani shahararren shirin talbijin ya nuna shi daga ƙugu zuwa sama kawai. Namiji a wannan kiɗan zakara ne: shi ake bi, shi ke zaɓe.

A cikin wannan ayari akwai wani saurayi ɗan jihar Teksas mai suna Roy Orbison, haifaffen 1936. Ba shi da kyan Elvis, ba shi da rawar sa, ga raunin ido da ya sa ba ya rabuwa da tabarau mai kauri. A 1956 ya yi waƙar sauri mai suna 'Ooby Dooby' a kamfanin Sun da ke garin Memfis, kamfanin da ya fara fito da Elvis. Ta ɗan yi kasuwa, daga nan abin ya tsaya cik, don rigar ba tasa ba ce. Sai da ya koma kamfanin Monument na Fred Foster, ya haɗu da abokin rubutun sa Joe Melson, sannan ya samu hanyar sa. A 1960 su ka fitar da 'Only the Lonely', waƙar mutumin da masoyiya ta bari cikin kaɗaici. Ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da su ka fi kasuwa a Amurka, ta kai na 1 a Ingila. A Janairun 1961, ya na ɗan shekara 24, aka fitar da kundin sa na farko, 'Lonely and Blue', mai waƙoƙi 12, waɗanda aka ɗauka a garin Nashbil. Sunan kundin kan sa kaɗaici da baƙin ciki ya ke nufi. Kusan duk waƙoƙin magana ɗaya su ke yi: an rabu, ya yi zafi, kuma mai waƙar bai ɓoye ba. An sa masa goge irin na Turawa da 'yan amshi masu taushin murya, shi kuma ya kan fara a ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa har muryar ta kai inda maza ba su cika kaiwa ba. A kan dandamali ba ya rawa, ba ya tsalle. Tsayawa ya ke yi wuri ɗaya cikin baƙaƙen kaya, ya faɗi damuwar sa, ya sauka.

Abin lura shi ne, ba mata kaɗai su ka saye shi ba. Samarin nan masu ji da kai su ma sun saye, domin ko wane zakara ya san ranar da aka kore shi daga wani gida. Orbison ya faɗa masu abin da bakin su ya kasa furtawa. Ka ga ashe abin da dattijon mu ke ƙorafi a kai ba ciwon Bahaushe ba ne shi kaɗai.

Yanzu mu dawo gida, mu yi wa dattijon adalci. Me ya ke karewa? Kunya ya ke karewa, da dattako, da haƙuri. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da duk abin da ya taɓa ran sa sai ya yi shela, ba a ba shi amana, ba a ba shi shugabanci, kai ko 'ya ma sai an yi shawara kafin a ba shi. Magidanci ginshiƙi ne, in ya na rawa ɗaki zai rushe. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk saurayin da ya raina shi zai gane kuren sa ranar da ya tara iyali.

Amma akwai abin da dattijon ya manta, kuma a zauren malaman Sakkwato ɗin nan ya ke. Ɗaliban da su ka yi nisa a karatun zaure su na karanta waƙoƙin mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, su Imru'ul Ƙaisi, waɗanda al'adar su ce su buɗe waƙa da tsayawa a kufan masoyiya su na tuna ta. Waɗannan fa mayaƙa ne, ba ragwaye ba. Haka kuma kowa ya san ƙasidar 'Banat Su'adu' ta Ka'abu ɗan Zuhairu, wanda ya zo neman afuwa wajen Manzon Allah (SAW) a Madina. Da zancen tafiyar Su'adu da ciwon da rabuwar ta bar masa ya buɗe ta, kafin ya kai ga yabo, kuma bai tashi da tsawa ba, da kyautar mayafi ya tashi. A nan cikin garin ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda babu mai koya mata kunya, ta yi wa mijin ta Waziri Giɗaɗo waƙar makoki bayan rasuwar sa, kuma ba a ɓoye waƙar ba, an kwafe ta an adana. To in gidan da ya fi kowane gida kamun kai bai ɗauki bayyana kewa a matsayin zubar da girma ba, ina mu ka samo cewa duk wanda ya ce "na yi rashi, ya yi mani ciwo" ya lalace?

A gani na, mun haɗa abu biyu ne mun ba su suna ɗaya. Akwai kunya, akwai kuma girman kai da ya ari rigar kunya. Kunya ta gaskiya wani ta ke karewa. Matar da ba ta kiran sunan mijin ta girmama shi ta ke yi. Uban da ke kawar da kai daga ɗan fari, kara ya ke yi wa iyayen sa da 'yan'uwan sa. Amma namijin da aka ce ba a son sa, ya kasa cewa "ya yi mani zafi", sai ya ce "da ma can ba ta kai ba", wa ya ke karewa in ba kan sa ba? Kuma ka san inda wannan hanya ke ɓullewa. Zafin da aka hana shi fita ta baki ba ya mutuwa, wata ƙofar ya ke nema. Shi ne za ka ga saurayin da jiya ya ke rantsuwa da son yarinya, yau ya na bin majalisa-majalisa ya na ɓata mata suna. Shi ne za ka ga an zo da dogon lissafi, har kuɗin zance da na sabulu, a biya shi. Shi ne maigidan da kishi ko kewa ta cika masa ciki, maimakon kalma ɗaya mai taushi sai ya ɗauko biro da takarda. Gidaje nawa ka sani da su ka mutu, ba don babu so ba, sai don babu wanda ya iya furta shi?

A nan ne waƙa irin ta kundin Orbison ke da amfani. Ba kukan ne abin koyi ba, a'a, yadda aka yi kukan. Mutum ne aka bari, ya ji ciwo, ya faɗa, kuma ya tsaya a nan. Bai tona mata asiri ba, bai yi mata barazana ba. A cikin kundin har da waƙar da mai rerawa ke cewa zai ɗauki laifin rabuwar a kan sa. Wannan darasi ne da samarin mu ke buƙata ƙwarai: yadda ake shan kaye a fagen so ba tare da an zama azzalumi ba. Ɗan damben kirki in an kayar da shi ya kan tashi ya kakkaɓe jiki ya ba abokin karawar sa hannu. Wanda ya koma gida ya ɗauko wuƙa, shi ne rago.

To shi kenan, duk waƙar soyayya ta wanku? Ina! In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wuraren da dattijon mu ke da cikakkiyar gaskiya, kuma wajibi ne masu waƙa da marubuta su saurare shi.

Na farko, asirin wa ake tonawa? Ciwon ka naka ne, ka na da ikon faɗin sa. Amma sunan yarinya da unguwar su da siffar jikin ta ba naka ba ne. Orbison ya taɓa rubuta waƙa da sunan mace, 'Claudette', wadda mawaƙan nan 'yan'uwan juna, Everly Brothers, su ka rera a 1958, amma matar sa ce ta aure, kuma yabon ta ya yi. Wannan daban ya ke da yaron da zai shiga situdiyo ya siffanta 'yar mutane yadda duk unguwa za ta gane ta, alhali gobe wani za ta aura. Magana zarar bunu ce, balle a wannan zamani da waƙa ke zagaye duniya ta waya cikin dare ɗaya. Shi ya samu suna, ita ta samu tabo. Wannan ba so ba ne, cin amana ne da kiɗa.

Na biyu, hawayen na gaske ne ko na kasuwa? A nan sai mun yi hattara, domin gaskiyar waƙa ba ita ce a ce lallai abin ya faru da mawaƙin ba. Orbison tare da Joe Melson su ka zauna su ka tsara waƙar da ta fito da shi, kuma da yawa daga waƙoƙin kundin na wasu ne ya sake rerawa. Rafi ma ba shi aka raba da masoyiya a fim ba, aikin sa ya ba da murya. Gaskiyar da ake nema ita ce kada a yi wa so ƙarya. Waƙar da ke nuna cewa so ba shi da aiki sai lumshe ido a cikin furanni, babu haƙuri, babu cefane, babu jinya, babu surukai, ta yaudari yarinyar da ke saurare. Ranar da ta shiga ɗaki ta tarar da hayaƙin murhu, sai ta ɗauka an cuce ta, alhali waƙar ce ta cuce ta. Kuma in an wayi gari mawaƙa ɗari duk kalmomi goma su ke juyawa, zuciya da ƙalbi da ruhi da hawaye, to an daina kuka, an koma sana'ar kuka.

Na uku, kuma mafi hatsari: ina waƙar ke tura mai saurare? Akwai bambanci tsakanin "na ji ciwo" da "in babu ke sai mutuwa". Masu karatun littattafai ba su manta da muhawarar da ta biyo bayan 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino ba, inda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren da ba ta so. Manufar littafin yaƙi da auren dole ce, kuma manufa ce mai kyau, amma masu suka sun yi tambayar da har yau ba ta tsufa ba: yarinya 'yar shekara 15 da ta karanta, wane darasi za ta ɗauka, na iyayen da su ka yi nadama ko na rijiyar? Labari ma kenan, mai faɗi da dalili da sakamako. Ina ga waƙar minti biyar da ake maimaitawa dare da rana? Mawaƙin da ya mayar da mutuwa ado a bakin sa, ya sani akwai mai sauraren sa a cikin ɗaki ita kaɗai, wadda ba ta ɗauki maganar a matsayin salon waƙa ba.

Rayuwar shi Orbison ɗin ta ba da amsa a kan wannan. Lokacin da ya yi kundin sa na farko bai san baƙin ciki na haƙiƙa ba tukuna. A 1966 matar sa Claudette ta rasu a hatsarin babur. A 1968, ya na rangadin waƙa a Ingila, gidan sa ya kama da wuta, manyan 'ya'yan sa maza biyu su ka rasu a ciki. Mutumin da duniya ta sani da waƙar kuka, da masifa ta gaske ta zo, bai faɗa rijiya ba. Ya ci gaba da aikin sa, ya sake aure a 1969, ya ga kasuwar sa ta faɗi, ya jure, har tauraruwar sa ta sake haskawa gab da rasuwar sa a Disambar 1988, ya na da shekara 52. Kai mai kallon finafinan Indiya ma ka taɓa jin amon sa ko da ba ka san sunan sa ba, domin waƙar sa ta 1964, 'Oh, Pretty Woman', ita aka ara aka yi wa kwaskwarima a fim ɗin 'Kal Ho Naa Ho' na 2003, inda Shah Rukh Khan ya taka rawa a kan ta. To wa zai ce wanda ya binne mata da 'ya'ya biyu cikin shekara biyu ya kuma miƙe tsaye ba jarumi ba ne, don kawai ya iya cewa abu ya yi masa ciwo? Ashe haƙuri ba rashin jin zafi ba ne. Dutse ba ya jin zafi, kuma ba wanda ya taɓa yaba masa da haƙuri.

Saboda haka, ya kai mai shirin shiga situdiyo da kundin ka na farko, ko mai riƙe da biro za ka fara littafin ka na farko, kada tsakin manya ya hana ka faɗin gaskiyar zuciya, kada kuma tafin 'yan mata ya sa ka ɗauka duk abin da ya fito bakin ka daidai ne. Kafin ka saki baiti, tambayi kan ka: in yarinyar da na ke nufi ta ji wannan a gaban mahaifin ta, za ta sunkuyar da kai don kunya mai daɗi, ko don tozarci? In wanda aka yaudara jiya ya ji, zai samu sauƙin da zai kwana lafiya, ko zai tashi ya aikata abin da-na-sani? In amsar ta yi kyau, rera abin ka da babbar murya, gemun ka na nan bai ragu ba. In ba ta yi ba, to haɗiye, a nan ne ciki ya ke da aikin da ya wuce tuwo.

Allah ya ba mu masoya na gaskiya, ya kuma ba mu bakin da za mu gaya masu tun su na ji.